Akwatin da Ya Sha Turare

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Mijina, Yaya Musaddiq, ya kira daga Mombasa. Gobe jirgin ruwansu zai taso. Yana ta murna wai ya samo wa Abu Raed siga mai kyau. Abu Raed shi ne kafilinsa, mai kamfanin dakon kayan da yake wa aiki. Siga? Duk shagunan unguwarmu ta Bani Malik siga ta ƙare, sai an je Mombasa? Na tambaya, ya yi dariya ya ce, "Ke dai Luba, bar shi kawai." Layin ya katse.

A littafin da nake karantawa a waya, daga "bar shi kawai" komai ya fara lalacewa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na gaya wa Mastura maƙwabciyata, ta ƙofar da ke kallon tamu. Haifaffiyar nan ƙasar Larabawa ce, iyayenta Hausawan Sudan. Ta ce, "Ya habibti, mijin da ke bin teku ba a tambayarsa, shinshina shi ake yi." Ita ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ya dawo, ya yi baƙi ya rame. Ya kawo min zannuwa da kanumfari. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na ga lokacin da ya zaro wani ɗan akwatin katako daga cikin jallabiyarsa, ya tura ƙasan wadirob, tare da jiƙaƙƙen soso a leda. Ya ce kada in taɓa, kada kuma in kashe esi, na'urar sanyi, ko ba kowa a ɗakin. Wai na Abu Raed ne, sai ran Lahadi zai dawo daga tafiya.

Ni da nake mutum ana ce min in rage esi saboda wuta. Akwati kuwa a bar masa.

Iƙamarsa, takardar izinin zama, ƙarshen watan nan za ta ƙare, tawa kuma a jikin tasa take. Ya ce in Abu Raed ya ji daɗin saƙon, sa hannu ba zai yi wuya ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na buɗe.

Ba wasiƙa, ba hoto. Wasu 'yan sanduna ne masu ruwan ƙasa, kaurin babban yatsa, a jere kamar sahun salla, kowanne da zoben takarda mai ruwan zinariya. Sai wari. Taba! Ashe ba siga ya ce ba, "sigar" ya ce, tabar masu kuɗi da ake naɗewa da ganye.

Mutumin da ya zauna gaban Baffa lokacin neman aurena ya ce ko shayi mai ƙarfi ba ya sha. Wa ya sani ko sunan Abu Raed mayafi ne kawai? Da yana cin abinci na yi ta kallon leɓensa. Kamar ya fi da duhu. Ko rana ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na ji shi a waya da Nuraddeen abokin aikinsa, ina wanke-wanke, na rage famfo. Wai yaran bakin tashar jirgi sun yi ta binsa da akwatuna masu murfin gilashi, rabin kuɗi, duk jabu ne. Wai sai da ya hau tasi har cikin gari, shago mai lasisi, ya sa aka buɗe a gabansa, ya duba hatimi, ya matsa kowanne da yatsa, ya shinshina. "Na asali ba ya kama maƙoshi, Nura."

Wanda ba ya sha, ina ya san maƙoshi?

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mastura ta kama hannun abayata ta kai hanci. "Esh hada? Kin fara duhan ne?" Wai mene ne wannan, ko na fara shan taba ne. Kunya kamar in nutse. Duk kayana sun ɗauka.

Yaya na fita na haɗa garwashi a kasko, na zuba turaren wutan da Mama ta haɗo min, mai hawi da sandal. Na kifa kabbasa, kwandon turara kaya, na jera abayoyina, na ɗora akwatin a buɗe, na lulluɓe da bargo. Sau da yawa na ƙara turare. Soson ma na yar, kafin ya sa mana fumfuna.

In shi zai sha a ɓoye, to ya sha da ƙamshina, ya san na sani. Na ji kaina kamar jarumar littafi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ya ɗauki akwatin ya fita da shi. Ashe da gaske na Abu Raed ne.

Ya dawo kafin la'asar, bai taɓa abinci ba. Da ƙyar ya faɗa. Abu Raed ya kunna ɗaya a gaban baƙinsa, ganyen ya bushe ya dare, ya yi ta tari, ya ce, "Magshush!" Wato jabu. Ashe soson ne ke hana su bushewa. Wai 'yan jabu ne ke fesa ƙamshi su rufe wari. Yana zargin Yaya ya saya wurin yaran bakin tasha ya soke sauran kuɗin. Takardar iƙama kuwa ya ture ta gefe, ya ce sai wani lokaci.

Na ce, "Allah ya kyauta." Abin da na iya cewa ke nan.

Litinin, 21 ga Oktoba

Bai tambaye ni komai ba. Me ya sa bai tambaya ba?

Talata, 22 ga Oktoba

Na faɗa masa yana ɗaura agogo. Ina kuka ina haɗa magana, har da batun leɓe.

Ya ce, "Na sani, Luba. Yana buɗe murfin na ji turaren Mama."

Na ce to me ya hana ya faɗa? Ya ce, "In tsaya a ofis gaban maza in ce matata ce? Gara a ce min ɓarawo." Maƙoshin kuma, wai mai shagon ne ya koya masa, ya haddace kamar karatun allo don kada a cuce shi.

Na ɗauko kwalbar turaren na sa masa a jaka. Na ce ya kai, Abu Raed ya shinshina ya gwada da akwatin. Ya ciro, na mayar. Ya sake cirowa. Na ce, "Yaya, in aka kore mu, ni zan yi wa Baffa bayani ko kai?" Ya ja zif ɗin jakar, da kwalbar a ciki.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An sa hannu a iƙama. Wai Abu Raed ya yi dariya har da hawaye, ya riƙe kwalbar zai kai gida. Amma ya ce halas, shi ke nan, daga yau Nuraddeen ne zai riƙa bin jirgi, Yaya ya koma sito a Kurayyat. Ya ce min ba komai, aiki aiki ne. Na ga yana goge hotunan teku a wayarsa, sai ya fasa.

An dawo mana da akwatin, wai kyautar madam. Da muna karyawa ya ce in ina son in tabbatar, in tsaga ɗaya: na jabu ɓurɓushi ne a ciki, na asali dogon ganye ne daga kai har gindi.

Da ya fita na ɗauko ɗaya, na ɗauko wuƙa, na zauna a kicin. Na jima a zaune. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa, na rufe.

Wuƙar ce ba ta da kaifi.