Kwamfutar Baba Ta Fara Ƙwanƙwasa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yaran. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, Baba kuma na cin abinci, sai dai mantuwar nan tana nan yadda ka bar ta.

Yaya, abin da na gani ranar Talata da safe shi ya sa na ɗauki biro, ka yi haƙuri da rubutuna. Na kai wa Baba shayi na kunna masa kwamfuta kamar kullum, muryar marigayiya Inna ta fito tana waƙar nan da take yi in tana tsefe wa yara kai. Ba a kai rabi ba sai sautin ya yanke, wani abu a ciki ya shiga yin ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ya ajiye kofi, ya kalli ƙofa, ya ce in je in buɗe wa uwata, ta daɗe tsaye.

Laifin nawa ne, gara ka ji daga bakina. Ka san ƙugin fankar tsohuwar kwamfutar nan, Gwaggo ma cewa take mun ajiye injin niƙa a ɗaka. Tun da kunnen Baba ya yi nauyi, ƙugin yake ji ya fi waƙar. Ni kuma da kai irin na kafinta, sai na haɗa mata akwati da katako mai kauri, na liƙe cikinsa da soson kujera, ban bar ko ramin ƙusa ba. Shiru ya samu, har aka yi ta sa mini albarka. Wata biyu tana dahuwa a ciki ban sani ba. Da na buɗe ranar, ƙarfenta bai taɓuwa don zafi.

Na kai ta wurin mai gyara na bakin kasuwa. Ya kara kunnensa, ya tambaye ni ko makarar gawa na yi mata. Ya ce faifan da ke ajiye waƙoƙin ne ke mutuwa, kuma duk kunnawar da za a yi mata yanzu tana iya zama ta ƙarshe. Kaset-kaset ɗin da muka kwafo daga cikinsu kuwa ka san ruwa ya cinye su bara. Muryar Inna ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan abu mai ƙwanƙwasa.

Don Allah ka fasa sayen babbar kwamfutar da ka ce za ka aiko. Na zauna a shagon mai gyara yini biyu ina saurare, na lura duk mai ƙarfi ta fi ihu. Ya nuna mini wata ƙarama kamar gwangwanin kifi, ba fanka, ma'ajiyarta ma babu abin da ke juyawa a ciki. Na ɗora kunnena a kanta ban ji komai ba. Ta hannu ce, ba ta da tsada, waƙa kuma ba ta buƙatar abin da ya fi haka. Abin da ya rage a sayi ma'ajiya biyu, ɗaya nan, ɗaya wurinka. Ya ce ranar Asabar ta makon gobe zai kunna tsohuwar sau ɗaya, ya fara kwashe na Inna kafin komai, amma bai yi mini alkawari ba. Ban so in ce a kunna ba tare da yawunka ba, uwarmu ɗaya. Ka kuma duba tsohuwar wayarka, ko ka ɗauki wasu waƙoƙin lokacin da ka zo.

Kwana huɗu ke nan in Baba ya nemi waƙar ina ce masa wuta ce ba ta da ƙarfi, alhali ga ƙwan lantarki na ci a kansa. Kallona kawai yake.

Ka gaishe da Anti, da Babban Yaro, da takwarar Inna. Gwaggo ta ce in faɗa maka ka rage rowar kira.

Saura abu ɗaya, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Ranar Talatar, da na buɗe ƙofa bai ga kowa ba, Baba ya ɗauki waƙar daga inda ta yanke ya kai ta ƙarshe, bai tsallake kalma ba, mutumin da ke manta sunana. In Asabar ba ta yi kyau ba, shi kaɗai ya rage mana da ita. Ba ni kaɗai na ji ba, Gwaggo na bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, da maƙwabcinmu tela da ya zo aron guduma.

Ina jiran amsarka kafin Juma'a mai zuwa.

Ƙaninka,
Auta