Wuyan Albasa

Malanbil, Lahadi 9 ga Afirilu, bayan isha'i

Yau na hana kamiyo, babbar motar kaya, tashi. Wata biyu ke nan da aka naɗa ni shugabar ƙungiyar masu albasa, maza da mata, sai yau na ji nauyin abin.

Alhaji Hamani, babban dillalinmu, ya kawo takardar kayan da za su Kotonu, wai in buga hatimi daga zaune. Na hita na sa aka kwance buhu guda, na danna wuyan albasa da babban yatsa. Sai ya lotsa. Ba ta gama shan rana ba, a hanya za ta ruɓe, sunanmu ya ruɓe tare da ita.

"Hajiya, yanzu yatsa ya hi takarda?" in ji shi, gaban direbobi.

Na ce a sauke, a shanya kwana uku. Aka kuwa sauke.

Tun lokacin Inna ke cikin raina. A Garu, ƙauyenmu, ina yarinya, takan zauna bakin gona, zanenta duk ƙasa, mata suna jera mata kwandunan albasa. Ba ta yi karatun boko a lakwal ba, ba wanda ya taɓa ce mata shugaba. Amma in ta danna ta girgiza kai, ko jaki ba a ɗora wa. Ita ta kama yatsana ta aza: "Wuya za ki taɓa, ɗiyata, jiki ƙarya gare shi."

Sun ba ni kujera da hatimi, Inna, amma da naki hatimin, yatsa, na yi aiki. Alwala biyu na yi, warin bai bar yatsan ba. Na ƙi sa mishi sabulu.