Ruwan Inabin Baba

Litinin, 13 ga Oktoba, 1975

Uwaisu ya tashi zuwa Legas jiya. Wai sabuwar gwamnati na son ganin duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a odar kaya. Ya ce ba zai daɗe ba. Ya bar ni a unguwar Stratford ta Landan da mahaifina mara lafiya, da Turancina da bai wuce na cefane ba. Miji ke nan.

Baba ya ture tuwon bayan loma biyu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Wani Bature ya kawo kwali, ya ce na Uwaisu ne, kyauta daga wani kamfani. Dogayen kwalabe, abin cikinsu garau, da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Rubutun jikinsu ma ba Turanci ba ne. Na hau sama wajen Sista Dokas, nas ɗin nan 'yar Jos, in ba don ita ba da tuni na haukace a garin nan. Ta karanta katin da ke ciki ta ce, "Ruwan inabi ne, fari. Mai tsada." Daga Ajantina, can kan duwatsu inda ruwan sama ke wuya, kuma itatuwan inabin sun girmi Baba. Ta ara mini wani murɗaɗɗen ƙarfe na cire toshiya, tana wani murmushi. Ban san murmushin na mene ne ba.

Na ɗanɗana a cokali. Tsami, da ɗan yaji a maƙogwaro, kamar tsamiyar da ta kwana. Turawa dai ba su iya zaƙi ba. Na sirka da ruwa na kai wa Baba a kofinsa na silba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ya shanye! Ya kuma ci rabin kwanon fate. Alhamdu lillahi.

Talata, 21 ga Oktoba

Baba ya dawo da hira. Yau bayan azahar, kofi a hannu, ya ba ni labarin zuwansa Azbin da ayari yana saurayi, wanda ban taɓa ji ba. Wai a can ya fara ganin inabi, a wani lambu tsakanin duwatsu, rana na ƙuna, sanyi na yanka da asuba. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni ba ya faɗa, "wannan itacen ya sha ƙishi. Tsohon itace a busasshiyar ƙasa 'ya'ya kaɗan yake yi, amma kowane ɗa da maganarsa." Ya ce har ƙanshin dutse yake ji a ciki. Ni dai tsami nake ji.

Yana barcin rana yanzu, har da minshari. Fuskarsa kan yi ɗumi. Na ɗauka sauƙi ne.

A asibiti likita ya tambaya, ta bakin Dokas, ko Baba yana shan giya. Na ji kamar in mare shi. Alhaji Maje, da ko ƙofar gidan giya ba ya bi!

Asabar, 25 ga Oktoba

Shiru daga Uwaisu. A rediyo sai sunayen waɗanda aka kora daga aiki. Na kashe.

Kwalin yana ƙarƙashin bene. Duk jirgin ƙasan da ya wuce sai kwalaben su yi ta kaɗawa, ƙyal-ƙyal, kamar masu gulma.

Litinin, 27 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Dokas ta sauko duba Baba, ta tarar yana kurɓa. Ta gaishe shi, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. "Ke Shafa, Baba ma yana taɓawa?" Na ce taɓa me? Ta ce ai ta gaya mini ruwan inabi ne. Na ce to, ai ruwan inabin nake ba shi. Sai ta dafe kai.

"Wayyo ni. Haka muke ce wa giyar inabi a coci. Haka yake a Littafinmu."

Ta ɗauka na gane. Ta ce manyan mutanenmu da ta gani a Landan da yawa suna ajiye irinta, ta zaci Uwaisu ma haka ne, shi ya sa ba ta ƙara komai ba. Hausa ɗaya muka yi da ita, kalma ɗaya, ita tana nufin wani abu ni ina jin wani. Ni giya a sanina kumfa gare ta da wari, irin wadda ake tsallake kwatarta a Sabon Gari. Wa ya ce mini tana zuwa fes kamar ruwan rijiya?

Na yi amai. Na wanke kofin har yatsuna suka yi ja. Ina tsoro, tsoro sosai.

Talata, 28 ga Oktoba

Ban faɗa masa ba. Na ce ya ƙare.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na sayo ruwan inabi na gaskiya a kanti, wanda Dokas ta rantse mini ba komai a cikinsa. Kurɓi ɗaya ya ajiye. "Wannan na yara ne. Itacensa bai san wahala ba." Bai ci komai ba yau sai ruwan shayi.

Na ɗauki kwalba zan tuttular a makwarara, jirgi ya wuce, sauran suka ɗau ƙara. Ya jiyo daga ɗaki. "Uwata, ba kin ce ya ƙare ba?" Na ce kwalaben banza ne. Ƙarya ta biyu ke nan, ni da ban taɓa yi masa ko ɗaya ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ya koma kamar ranar da ya sauka daga jirgin sama don neman magani, har ya fi. A zaune yake salla, jiya kuma a kwance. Idanunsa sun faɗa.

Na yi ta juya abin. Wanda bai sani ba, ba shi da laifi, wannan ko a makarantar allo an gaya mana. Abin da ya sha a baya Allah ba zai kama shi da shi ba. Amma in na faɗa masa, na san Baba: zai tsani cikinsa, ya tafi da baƙin ciki. In na yi shiru na hana shi, yunwa ta ƙarasa shi a gabana. In na zuba kuwa...

Ba wanda zan tambaya. Wane malami zan tara da wannan magana, gobe ta isa Kano kafin ni?

Talata, 4 ga Nuwamba

Asibiti. Likita ya ce abin da ke cikin ya bazu, a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Ya sake waccan tambayar don cike takardarsa. Dokas ta juyo ta kalle ni, ba ta fassara ba. Na ce, "Ki ce a'a." Ta ce a'a.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na shiga da niyyar faɗa masa, wallahi da niyya na shiga. Na durƙusa gefen gado. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna, hannun ba nauyi. Ya ce ba shi da wani aikin kirki mai yawa da zai nuna, ya yi faɗa, ya yi rowa wani lokaci. "Amma abu ɗaya, Uwata. Zan koma ga Ubangijina ban taɓa sa haram a bakin nan ba. Ke ce shaidata."

Na ce, "Ni ce, Baba."

Can ya ce, a hankali, kamar yaro mai jin kunya, ko za a samo masa irin na dutsen nan, ko da kurɓi ɗaya. Yana son ya ƙara jin ƙanshin Azbin.

Na tsaya a ƙarƙashin bene har ƙafata ta yi sanyi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na zuba masa. Ya ci fate. Allah, shi bai sani ba. Ni ce na sani. Ka rubuta a kaina.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Har yau ba labarin Uwaisu, na ma daina leƙa ƙofa. Baba ya yi dariya sau ɗaya, a kan wani raƙuminsa mai cizo. Ya ci loma huɗu. Numfashinsa ya canza, akwai wata 'yar ƙara a ciki da ban so.

Dokas ta aiko a ba ta ƙarfenta na cire toshiya, suna da baƙi. Na mayar. Da na fita sayen madara na ga irinsa a kantin kusa da tasha, ba tsada. Na saya. Yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin cokula.

Yau da na zuba masa, ko ɗigo bai zube ba.