Ƙanena na roƙona gafara kan ƙodar da ya ba ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni kafinta ne mai rufin kwano a nan Katsina, wajen Ƙofar Kwaya. Ƙodata ta lalace, na sha wahalar wankin ƙoda har autanmu ya ba ni tashi ɗaya aka dasa min. Likita ya ja min kunne kan magani iri biyu, na hana jiki ƙin ƙodar da na hawan jini. Na farkon ban taɓa wasa da shi ba. Na hawan jinin kuwa in na sha na hau rufi sai jiri ya ɗebe ni, ga shi lokacin kuɗi sun shigo gari, ko'ina gini ake. Maimakon in koma a canza min wani, sai na ce ai sabuwar ƙoda gare ni, ciwo ya tafi. Matata ta miƙo min ƙwayar, in jefa aljihu, in yar a hanya.

Yanzu ƙafafuna sun kumbura, likita ya ce jinin ya daɗe a sama har ya gajiyar da ƙodar. A gaban Innarmu ya tambaye ni ko ina shan maganin, na rantse ina sha. Daga baya na koma ni kaɗai na gaya mashi gaskiya, ya canza min magani, amma a gida ban iya faɗa ba.

Sai yayarmu ta tono cewa Auta ya taɓa shaye-shaye yana yaro, wai ruɓaɓɓiyar ƙoda ya ba ni. Suka yi kaca-kaca, Inna ta daina amsa gaisuwarshi. Jiya ya same ni wurin aiki, ya durƙusa cikin ƙusoshi yana kuka, wai Yaya ka yafe min, ni na cuce ka, a tambayi likita ko ɗayar da ta rage min za ta yi. Jama'a, bakina ya buɗe na ce mashi na yafe.

Inna ma hawan jini gare ta, ina tsoron abin da gaskiyar za ta yi mata. Shi kuma bai ko cin abinci. In fara samun shi shi kaɗai ne, ko in tara su duka in wanke shi a gabansu? Kuma da wane baki zan nemi gafarar wanda na riga na ce na yafe wa?