Allurarku Ba Ta Narkewa a Koko

Zuwa ga Babban Likitan asibitinmu na Madarunfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Rabi mai tuyar kifi a bakin tafki, wadda ka yi wa faɗa ran kasuwa a gaban layin mata. Ka ce ƙwayoyina na tansiyon, wato hawan jini, suna ƙarewa da zarar wata ya raba, don haka ko zubar da su nake, ko na manta na sha na sake sha. Ka kuma yi mini albishir cewa masana suna haɗa wata allura mai ɗauke da magani kala-kala, ta kwanta ƙarƙashin fata tana narkewa kaɗan-kaɗan kamar kanwa a ruwa, kuma in ta iso da ni za ka fara. Mata suka yi dariya, har yau Rabi Mantau ake ce mini. Na ji zafi ƙwarai, shi ya sa na kawo ƙara.

Na farko, ni ba na mantuwa. Na san kowace mace da ta yi dariyar nan, da launin zanen da ta ɗaura.

Na biyu, ranka ya daɗe, mutum ɗaya ka rubuta wa maganin, amma mu biyu muke sha. Maigidana masunci ne, abin alfaharinsa a duniya shi ne allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. A wurinsa asibiti na mata ne da jarirai. Amma ni nake ganin yadda yake dafe ƙeya in ya fito daga kwalekwale, da yadda yake laluben bango ya ce wai takalmi ne ya zame. Haka wansa ya fara, har ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan nake daka rabin ƙwayoyina in zuba masa a koko. Ya ce kokona ya lalace, ya yi ɗaci, har ya kai ƙarata wajen ƙanwarsa. Na haɗiye.

Na san za ka ce ganganci ne, maganin wani ba na wani ba ne. Na yarda. Ni ma kaina sarawa yake a ƙarshen wata.

Na uku, ka tambayar mini masanan nan: in suka kulle maganin a damtsena, ta ina zan ɗebo masa? Ita allurar ba ta san ina da miji mai taurin kai ba. Ni in warke sarai, shi ya faɗi a tsakiyar ruwa inda babu bangon dafawa? Wannan ne ke hana ni barci.

Ga roƙona. Ka turo ma'aikacinka bakin tafki da abin awon nan da ake ɗaurawa a hannu, da safe lokacin da masunta ke fitowa. Kada ya ce awon ciwo ne, ya ce gasa ce, za a ga wanda ya fi ƙarfin jini. Wallahi maigidana zai fara miƙa hannu, kuma shi zai ci. In allurar ta zo kuwa, ka fara da shi, zan riƙe maka ƙafafunsa.

Allah ya ƙara maka basira da haƙuri da mu. In labarin wannan takarda ya kai kunnen maigidana, duk wanda zai karanta masa ita, don Allah ya fara zaunar da shi, kuma ya bari sai ya gama shan kokonsa.

Wassalam.

Rabi mai tuyar kifi,
Madarunfa.