Jatan Landen da Baba Ya Ɓare

Changwon, farkon watan Yuli

Yaya Ok-bun,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Kin ci abinci? Yaya gwiwa, yaya kasuwa? Na kira ki ranar Lahadi har muryata ta dushe ba ki ji abin da nake faɗa ba, shi ya sa na haƙura na ɗauko biro. Ki daure ki riƙa sa abin kunnen nan da likita ya ba ki.

Suna zuwa, Yaya! Sol-bi da mamanta za su taso daga Kanada ƙarshen watan nan, an yi hutun makaranta. Rabona da in ga 'yata ido da ido shekara biyu ke nan, sai dai ta waya, ita tana shirin makaranta ni ina gyangyaɗi. An ce ta kusa kamo ni tsawo.

Na ɗauki hutu a masana'anta. Zan kai su babban wurin wasan nan na kusa da Seoul, inda muka kai ta tana 'yar shekara shida ta ƙi sauka daga dokin katako. A ciki akwai gidan abincin Italiya, na kama mana teburi. Kada ki yi dariya. Yarinyar da ta shekara huɗu a ƙasar Turawa ai ba zan zaunar da ita a ƙasa in tura mata miyar wake ba. Har na sayi taliyarsu ina koyon naɗe ta da cokali mai yatsu a ɗakina, rigata biyu sun tafi a haka.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. A teburin nan zan ce su dawo gida. Turancin da aka je nema an samu. Na gaji da dafa shinkafar mutum ɗaya, Yaya, na gaji da cin abinci ina kallon bango. Ko ta ƙarasa makaranta a nan ai ba mutuwa za ta yi ba.

Ki gaida mutanen kasuwa.

Ƙanenki,
Man-sik

*

Tongyeong, tsakiyar Yuli

Man-sik,

Na ci, kai ma ka ci. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Abin kunnen kuwa ƙara yake yi mini kamar sauro, na jefa shi a durowa.

Abincin Italiya! Kai da ko barkono baƙi ke sa ka atishawa. Ɗan mai kamun kifi, wanda aka raina da kan kifi da ruwan shinkafa, yau shi ne zai zauna da tsumma a cinya yana naɗe taliya. Haba Man-sik. Wa ya ce maka yarinyar taliya take marmari? Ka tambaye ta? Ba ka tambaya ba, na san ka. Tun kana yaro haka kake, ka zauna ka yanke wa mutane abin da ke ransu, sannan ka shiga ɗaki kana jin ciwo.

Maganar su dawo kuwa, sai yanzu ka farka? Ranar da ka kai su filin jirgi na ce maka aure ba ya zama a waya. Ka ce don gobenta ne. Yanzu dube ka, ka rame, wuyanka duk ya fito, kana zaune a ɗaki ɗaya kamar ɗan makaranta. To ka faɗa. Ka buɗe bakin nan ka faɗa da ƙarfi, kada ka tsaya kame-kame kana jiran a karanta maka fuska.

Na aiko maka busassun ƙananan kifi da ganyen teku. Na Sol-bi ne, kada ka taɓa. Kuma dole ku kawo ta nan ta gaida kabarin kakanninta kafin su koma, in ma komawar za su yi.

Ka aske gashin hancinka kafin ka je tarbarsu.

Yayarka

*

Changwon, tsakiyar Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki. Na san yanzu suna wurinki, kuma na san kina zagina da ban biyo su ba. Na ce musu aiki ne ya taso. Ba aiki ba ne. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar da muka je wurin wasan, da rana komai lafiya lau. Ta fi ni tsawo, ashe ba kusa ba ne. Na sayo mana kunnuwan zomo na sawa a kai, ta ce, "Baba, shekarata sha shida fa," amma ta sa, ta kuma ɗora mini nawa da hannunta. Ta ja ni muka hau jirgin nan mai kifa mutane a sama. Na yi ihu har na kira sunan Inna, ita kuwa dariya har da hawaye. Na ce a raina, shi ke nan, 'yata tana nan.

Da yamma muka shiga gidan abincin. Fitilu ja-ja, kiɗa a hankali, kowa da nasa faranti, babu abin da aka ajiye a tsakiya sai ɗan kwanon kokwamba mai tsami. Su biyu suka zaɓi nasu nan take, suna magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ni na duba takardar ban gane komai ba, na nuna hoton wata taliya mai jatan lande manya-manya da ɓawonsu. Don ita na zaɓa. Kin tuna yadda take cinye na kowa a gidan Inna.

Da aka kawo sai na manta duk abin da na koya. Na ajiye cokalin, na sa hannu na ɓare mafi girma, na miƙa na ɗora mata a kan abincinta, yadda Baba yake mana, yadda nake mata tun ba ta da haƙora. Na ce, "Ci, 'yar Baba."

Yaya, ki ji abin da ya faru. Ta kalli jatan landen, ta kalli hannuna. Mamanta ta ce, "Sol-bi," da wata irin murya, ta girgiza mata kai, ta kai cokali za ta ɗauke. A nan na ga hannun nawa. Faratan da baƙin mai ya zauna a cikinsu ko an wanke ba ya fita, ga miya tana bin yatsuna, ga mutanen teburin gefe da fararen riguna. Na ce, "Bari, bari, kawo in cinye abina." Sai Sol-bi ta riga mu duka, ta jefa shi a baki ta haɗiye ko taunawa ba ta yi sosai ba. Ta ce, "Da daɗi, Baba." Idonta cike da ruwa.

Ba a jima ba ta tashi ta yi banɗaki da sauri, hannunta a wuya. Mamanta ta bi ta. Na zauna ni da faranti uku, maganar da na zo da ita tana nan a bakina. Can Maman Sol-bi ta dawo ita kaɗai ta ce, "Baban Sol-bi, je ka kama mana wuri a wajen wasan wuta, ga mu nan zuwa." Na tafi na shimfiɗa tabarmarmu a gaba-gaba, na ɗora takalmana a gefe biyu kada a matse mana. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, kai kaɗai za ka cinye wannan fili?" Na ce iyalina suna hanya. Aka fara harba wuta, aka gama, kowa ya naɗe tabarmarsa. Saƙo ya shigo cewa yarinya ta gaji sun wuce masauki. Sai da na je ƙofar fita na gane kunnuwan zomon suna kaina har lokacin.

Washegari Sol-bi ta fito da takunkumi da baƙin tabarau, ba ta yarda mun haɗa ido ba, magana ɗaya biyu. Ba sai an gaya mini ba. Ta haɗiye ne don kada in ji kunya, cikinta ya ƙi karɓa. Ƙyamar hannun ubanta take, kuma ban ga laifinta ba, can ba a yin haka.

A mota na ce wa mamanta su zauna can har ta gama jami'a, ni ina nan lafiya, ba abin da na rasa. Ta dube ni ta ce, "Haka kake so?" Na ce haka nake so. Sol-bi tana baya, ta juya fuskarta ga taga.

Zuciyata ta karye, Yaya. Ban san inda zan sa kaina ba. Don girman Inna kada ki yi musu maganar nan.

Man-sik

*

Tongyeong, ƙarshen Agusta

Man-sik,

Ba zan tambaye ka ko ka ci abinci ba, na san ba ka ci ba. Da kana kusa da na kwaɗa maka ludayi a ka.

Ranar da suka iso na dafa miyar jatan lande tukunya guda. Maman Sol-bi na ganin tukunyar ta janye yarinyar baya kamar ta ga wuta. Na ce to, yau sai an gaya mini abin da ke faruwa a gidan nan. Na je na ciro abin kunnen daga durowa na sa, don kada kalma ɗaya ta wuce ni.

Jikin 'yarka ya daina karɓar jatan lande. Bara ya fara mata a makaranta, borin jini ya taso mata, maƙogwaro ya kumbura, sai da ta kwana asibiti. Tun daga nan allura take yawo da ita a jaka. Ba su gaya maka ba, wai kana can kai kaɗai kada hankalinka ya tashi ka sa hannu a inji. Na wanke matarka tas a kan wannan, ta yi ta kuka, ta ce kullum tana cewa gobe za ta faɗa. Ku duka uku halinku ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa don tausayi har kun kusa kashe yarinya.

Lokacin da kake gadin tabarma, Sol-bi tana ɗakin jinya na wurin wasan an danna mata allura, daga nan aka wuce da ita asibiti. Takunkumi da tabarau kuwa, fuskarta ce ta kumbura ba ta so ka gani.

Na ce mata, "Ke wace irin sakarya ce? Kin san zai iya kashe ki, kika ci?" Ta ce, "Gwaggo, Baba ne ya ɓare. Na ga ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin teburi." Ta ce tun da ta tafi ba wanda ya ɗora mata komai a kan abinci, can kowa farantinsa yake kallo. Ta ce abin da uba ya ɗora maka ai ba a mayarwa. Ka ji yarinyar da kake cewa ta zama Baturiya.

Saura wanda ya fi ciwo. A kabarin su Inna, bayan ta yi gaisuwa, ta tambaye ni, "Gwaggo, me ya sa Baba ya ce mu zauna can? Ya saba da rashinmu ne?" Ashe tun a jirgi suka yi magana da mamanta, in ka ce su dawo za su dawo. Jira suke ka faɗa. Taliyar ma ta ce ta ishe ta, ita take ci a makaranta kusan kullum.

Ta sa na yi alkawari ba zan gaya maka ba sai jirginsu ya tashi. Ya tashi. Mamanta kuma ta riga ta mayar da sunanta makaranta, tunda kai ka ce haka kake so.

Na yi kuka, Man-sik, ni da ko a jana'izar mijina sai da aka tsungule ni. Ka rubuta wa 'yarka. Kada ka kira, a waya sai ka ce "kin ci abinci" ka ajiye.

Yayarka

*

Changwon, Satumba

Sol-bi 'yata,

Kin ci abinci? An ce sanyi yana farawa da wuri a can, ki riƙa rufe wuyanki.

Gwaggonki ta gaya mini. Kada ki ji haushinta. Na zauna da takardarta har shinkafata ta ƙone a tukunya. Ni ne ubanki, amma ban san abin da zai iya kashe ki ba, kuma da hannuna na ba ki. Kada ki ƙara yin haka don ni ko don kowa. Ko na ɗora miki, ki ture.

Abin da na faɗa a mota ba gaskiya ba ne. Ban saba ba. Ko kwana ɗaya ban saba ba. Na kama teburin nan ne don in ce ku dawo gida. Na san na makara, amma ina so ki sani.

Ki rubuto mini duk abin da ba ki ci yanzu, da wanda kike ci. Ina so in koya.

Babanki

*

Baba,

Na ci. Kai fa? Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya manta wasu haruffan.

Mama ta ce bana ba zai yiwu ba, an riga an fara karatu. Na baɗi ta ce za a gani. Na yi fushi da kai, sannan na daina, sannan na sake yi.

Jatan lande da ƙaguwa ne kawai ba na ci. Kifi ba ya yi mini komai. Amma rabona da gasasshen kifi tun da muka zo nan, don har yanzu ban iya cire ƙaya ba, kai kake cire mini. Mama ta ce in koya, na ce a'a.

Kunnuwan zomona suna nan a kan gadona. Kada ka yar da naka.

Baba, ka riƙa dafa shinkafa da yawa ko kai kaɗai ne. Ka rame.

Sol-bi