Donot Ɗin Yael Na Hannuna, Kuma Ina Tsoron Koyar da Shi

Anti Klaudiya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

'Yata Yael ta rasu bara, ta bar 'ya mace guda, tana wurin babanta Chukwunonso. Yael ta iya wasu 'yan ƙananan donot masu cakulan, mulmulallu kamar goro, tana barbaɗa musu sukari. Ni dai ci nake yi, ban taɓa koya ba. Da jikata ta fara kukansu sai na ɗaura zani na shiga kicin.

Anti, na sha wuya. Fanke in ya yi ja kin san ya soyu. Wannan kuwa kwaɓin tun farko baƙi ne, ido ba ya gaya miki komai. Wani ya ƙone, wani cikinsa ɗanye. Ga sanyin Jos, kwaɓi ba ya tashi sai na lulluɓe roba da bargo na ajiye kusa da risho. A hankali na gane sai an rage wuta, a fasa na farko a duba cikinsa. Saura ƙamshi, har na tuna Yael ba ta rabuwa da gyaɗar ƙamshi. Ranar da na kankara ta a ciki, yarinyar ta ci, sannan ta miƙo faranti a ƙara mata. Yanzu ko a zumuntar mata an san nawa babu na biyu. Ni da ban wuce firamare ba, kuma ba wanda ya nuna mini.

To, Chukwunonso zai sake aure, wata Ugochi. Ban ga aibinta ba. Har gida ta zo ta durƙusa, ta roƙe ni in koya mata donot ɗin saboda yarinyar. Na ce sai na huta. Gaskiya tsoro nake ji. Donot ɗin nan ke kawo mini jikata kowace Asabar. In ana yi mata a gida, me za ta zo yi wurin tsohuwa?

Kakar Marainiya, Titin Bauchi

Mama, Allah ya ba ki haƙurin rashin Yael. Kin cancanci yabo, domin da harshe da ƙauna kaɗai kika dawo da abin da ya so ya ɓace.

Tsoronki ba son kai ba ne. Sabon aure kan canza zirga-zirgar yaro, har a gidan mutanen kirki. Amma ki duba Ugochi. Macen da ke son share sunan marigayiya ba za ta durƙusa tana neman girkinta ba. In kin hana ta, za ta koya a waya, kuma wancan ba zai zama na Yael ba.

Ki raba maganar biyu. Asabar ɗinki, ki kira Chukwunonso ki faɗa masa a fili tun kafin biki cewa kina so ta tsaya yadda take. Kada ki bar wa fulawa aikin da baki ya kamata ya yi. Koyarwa kuwa, ki yi ta a kicin ɗinki, jikarki na tsaye tana gani, kina ba su labarin mahaifiyarta. Yarinyar za ta tashi da sanin inda abin ya fito, da kuma wanda ake zuwa wurinsa in an manta.

Ki aika wa Ugochi cewa kin huta. Allah ya raya miki jikarki, ya sanyaya zuciyarki.

Anti Klaudiya